Baki na Dorugu, Bango na Schön: Sharhi a kan Littafin "Magana Hausa"

Gabatarwa

Idan aka tambayi ɗalibin Hausa inda rubutun zube na boko ya faro, yawanci zai ce gasar 1933 ce, wadda Rupert East ya shirya a Zariya, ta haifar mana da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, Jiki Magayi kuma ya fito tare da su. Wannan amsa ba ta da laifi in ƙagaggun labarai ake nufi. Amma tun a 1885, watau shekara 48 kafin gasar, an riga an buga wani littafi a birnin Landan mai suna Magana Hausa. A cikinsa akwai tatsuniyoyi da karin magana da guntayen tarihi, akwai kuma doguwar hira ta wani yaro Bahaushe da ya ba da labarin rayuwarsa tun daga ƙauyensu har Ingila da Jamus. Sunan yaron Dorugu. Sunan da ke kan bangon littafin kuwa shi ne J. F. Schön, limamin Kirista, ɗan mishan na ƙungiyar C.M.S.

Nufina a nan shi ne in dubi littafin ta fuska biyu. Ta fari ita ce fuskar adabi, watau jigonsa da salonsa. Ta biyu kuwa tambaya ce da littafin da kansa yake jefo wa mai karatu: ikilisiyar da ta cika duniya da wa'azin cewa baƙi da fari duk jini ɗaya ne, yaya ta yi da baƙin mutumin da ke aiki a cikin ɗakinta? A ganina, duk wanda ya karanta wannan littafi bai yi wannan tambaya ba, to rabinsa ya karanta.

Masu Littafin

Schön Bajamushe ne, an haife shi a 1803, ya rasu a 1889. Ya yi aikin mishan a Saliyo, inda jiragen yaƙin Ingila ke sauke bayin da suka ƙwato daga hannun masu safara, kuma a bakin Hausawan da ke cikin waɗannan 'yantattu ya fara tsintar Hausa. A 1841 ya shiga ayarin da ya hau kogin Kwara, tare da Samuel Ajayi Crowther, wani Bayarabe wanda shi ma 'yantaccen bawa ne. A 1843 Schön ya fitar da ɗan littafin kalmomin Hausa, a 1862 ya fitar da nahawu, a 1876 ya fitar da ƙamus. Duk wannan aiki ya yi shi ne ba tare da ya taɓa zama a ƙasar Hausa ba. To, ina ya sami Hausar?

Kaso mai yawa daga bakin Dorugu ta fito. An haifi Dorugu wajen 1840 a ƙasar Damagaram. Yana ƙaramin yaro mahara suka kama shi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗa Kukawa ta Barno. A can wani Bature matafiyi, Adolf Overweg, ya fanshe shi ya 'yanta shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a 1852 sai yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasarmu suka sani da Abdulkarim. Da shi suka ratsa Damagaram da Katsina da ƙasar Sakkwato da Gwandu har Tumbutu, suka komo ta Kano zuwa Kukawa, suka ƙetare Sahara ta Murzuk zuwa Tarabulus, suka isa Ingila a 1855. A can Schön ya same su. Abbega ya komo gida a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna wajen Schön har 1864, aka yi masa baftisma da suna James Henry. Shekarun nan na zamansa su ne shekarun da Schön ya fitar da fassarar Matiyu da Yohanna da Ayyukan Manzanni da Farawa da Fitowa cikin Hausa, da kuma nahawun da muka ambata. Dorugu ya ƙare rayuwarsa a Kano, inda ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa, ya rasu a 1912.

Jigo da Salo

Babban jigon labarin Dorugu shi ne rabuwa da gida da kuma buɗewar ido. Duk wanda ya karanta Shaihu Umar zai ji kamar ya san hanyar: yaro ne aka raba da uwa, aka bi da shi ta kasuwar bayi, ya faɗa hannun baƙo mai kirki, ya ƙetare hamada. Har sunan baƙon ma ya zo ɗaya, domin Balaraben da ya riƙi Umar shi ma Abdulkarim ne, kuma Murzuk da Tarabulus suna cikin littattafan biyu. Bambancin shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zauna ne ya tsara labarinsa da hankalin babba, ya ba shi ƙulli da warwara, ya cusa masa wa'azin haƙuri da yarda da ƙaddara. Dorugu kuwa da ƙafarsa ya taka hanyar, kuma yana ɗan shekara 16 ko 17 ya ba da labarin, ƙurar tafiya ba ta gama barin jikinsa ba.

Salonsa salon baka ne tsantsa. Jimlolinsa gajeru ne, suna bin juna kamar raƙuman ayari: an tashi, an yi tafiya, an sauka, an kwana. Idonsa idon yaro ne, abin da ya fi kamawa shi ne abinci da dabbobi da tufafi da abin tsoro. Ba ya tsayawa yi wa mai sauraro sharhi a kan zaluncin bauta. Yakan faɗi abin da ya faru ne kawai ya wuce, wannan wucewar kuwa ta fi kuka taɓa zuciya.

Inda na fi jin daɗin littafin shi ne inda Dorugu ya isa Turai. Barth ya cika manyan littattafai 5 yana bayyana wa Turawa yadda muke ci da sha da aure da ciniki. A nan sai reshe ya juye da mujiya, ga Bahaushe yana ƙare wa Turawa kallo, yana bayyana yadda suke zaman cin abinci maza da mata, da cokula da wuƙaƙe, da irin suturarsu, cikin natsuwar mai kallon al'adar wasu mutane daban. Bai raina su ba, bai kuma ɗauke su aljanu ba. Mutane ne masu tasu al'ada. In akwai wurin da littafin ya tabbatar da daidaiton baƙi da fari, to nan ne, kuma yaron ne ya tabbatar da shi da idonsa.

Littafin yana da nasa rauni. Lissafin zango bayan zango yakan gundiri mai karatu. Rubutun ma yana da wuyar bi ga ɗan yau, don Schön ya bi tsarin haruffan Lepsius, kuma kunnensa bai rarrabe ƙ da k ba, ko ɓ da b, ga rabon kalmomi ba irin namu ba. Sai dai babban abin da ya kamata mai nazari ya riƙa tunawa shi ne wanda ke riƙe da alƙalami. Dorugu yana magana ne da mutumin da ke ci da shi, yake tufatar da shi, yake koya masa addini. Yaron da ke cikin wannan hali ya san abin da ake faɗa da abin da ake haɗiyewa. Saboda haka muryar da muke ji tasa ce, amma ta bi ta rariyar wani kafin ta iso gare mu.

Tauhidin da ya Haifi Littafin

Yabon gwani ya zama dole. Ba don wata aƙida ta addini ba, da babu wannan littafi. Mutanen da suka kafa C.M.S. a 1799 suna cikin waɗanda suka yi tsayin daka har majalisar Ingila ta hana fataucin bayi a 1807, William Wilberforce kuwa yana cikinsu. Hujjarsu daga littafinsu suka ciro ta. A Ayyukan Manzanni 17:26 an nuna cewa daga tushe ɗaya Allah ya yi dukan al'ummai. A Galatiyawa 3:28 Bulus ya kawar da fifikon Bayahude a kan Baheleni da na ɗa a kan bawa a cikin bangaskiya. A wasiƙarsa ga Filimon ya roƙi ubangida ya karɓi gudajjen bawansa a matsayin ɗan'uwa.

Amma daga wannan littafi ɗin dai masu gonakin bayi a Amurka suka ciro tasu hujja. Suka riƙe labarin Nuhu da 'ya'yansa a Farawa sura 9, suka ce baƙar fata zuriyar Ham ce da aka la'anta da bauta, alhali kuwa a nassin a kan Kan'ana la'anar ta faɗa, kuma ba a ambaci launin fata ko sau ɗaya ba. Ashe ke nan gardamar launin fata a cikin ikilisiya gardamar fassara ce tun asali, kowa da ayar da yake jawowa.

Schön yana ɓangaren farko. A zamanin da wasu masanan Turai ke musun cewa baƙin mutum yana da hankalin kirki, shi ya ɗauki harshen bawa ya ce yana da nahawu, yana da adabi, ya isa a zuba maganar Allah a cikinsa. Bayan tafiyar 1841, wadda zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40 a cikinta, ya ba da shawarar cewa 'yan Afirka ne za su yi wannan aiki a ƙasarsu. Haka kuma Henry Venn, sakataren C.M.S., ya dage sai an sami ikilisiyar da za ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta yaɗa kanta. Wannan aƙida ce ta kai Crowther ga zama bishop a Canterbury ranar 29 ga Yuni, 1864, a shekarar da Dorugu ya komo gida.

Inda Aka Yi Tuntuɓe

To, mu koma kan bangon littafi. Gaskiya ne Schön bai ɓoye Dorugu ba, ya ambace shi, ya kuma nuna cewa shi ya yi shiftar labarin rayuwarsa. Amma da aka tashi rabon girma, Faransa ta ba Schön lambar Volney a 1877, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa a 1884, littafin kuma ya shiga ɗakunan karatu na duniya da sunansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wani zai ce ai haka al'adar zamanin take, mai tattarawa shi ne mai littafi. Na yarda. Sai dai ikilisiya ta zo ne da da'awar cewa ita ta fi al'adar zamani, don haka da mudun da ta kawo za a auna mata.

Abin da ya sami Dorugu a kan takarda, shi ya sami Crowther a kan kujera, kuma ƙofar ƙasar Hausa ce ta zama fagen. Tun farko wasu Turawan mishan, irin su Henry Townsend na Abekuta, sun ƙi yarda su zauna ƙarƙashin baƙin bishop. A 1890 sai ga wasu samarin Turawa sun sauka Lakwaja, Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson ne a gaba, da niyyar shiga ƙasar Hausa. Suka sa riga da rawani, suka dage da koyon Hausa, suna cewa sun zo su zama ɗaya da mutanen ƙasa. Waɗannan masu rawani su ne suka bi ma'aikatan mishan baƙaƙe da tuhuma iri iri, aka kori wasu, aka dakatar da wasu. A taron da aka yi a Onica cikin Agusta 1890, sakataren mishan F. N. Eden ya dakatar da Dandeson Crowther, ɗan bishop ɗin, a gaban tsohon. Crowther ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba, 1891. Aka maye gurbinsa da Bature, baƙaƙe kuwa aka tsayar da su a matsayin mataimaka. Sai a 1952, bayan shekara 60, aka sake ba ɗan ƙasa cikakken riƙon dayosis a ikilisiyar Angalika ta Nijeriya.

Ga wani abin lura ga ɗalibin Hausa. Don tunawa da J. A. Robinson, wanda ya rasu a Lakwaja a 1891, aka kafa ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila. Ita ta aiko ɗan'uwansa C. H. Robinson zuwa Kano a 1894, shi ne kuma ya sake tace Magana Hausa aka buga a 1906. Watau son harshenmu da raina baƙin ma'aikaci sun kwana a ɗaki ɗaya ba tare da sun tashi juna ba. Abin da na fahimta shi ne, tauhidin 'yan mishan na wancan ƙarni ya yarda ran baƙi da ran fari ɗaya ne a gaban Allah, ya yi yaƙi a kan haka, ya ci nasara. Da aka zo maganar suna da kujera da riƙon makulli a nan duniya kuwa, sai ya ce a dakata tukuna, yaro bai girma ba.

Abin da ya Biyo Baya

Gyaran ya zo, amma da tafiyar hawainiya, kuma yawancinsa waɗanda aka danne ne suka ƙwato shi. Makarantar da Dokta Walter Miller ya kafa a Zariya, wadda ta koma Wusasa, ta fitar da mutane irin su Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Daga Wusasa ɗin John Tafida ya fito, kuma a kan bangon Jiki Magayi sunansa yana nan tare da na East. Tsakanin bangon 1885 da wannan bango an ɗan matsa gaba. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fitar da labarin Dorugu a matsayin tarihin rayuwa na mai shi. A 2014 kuma, wajen bikin cika shekara 150 da naɗin Crowther, Akbishop na Canterbury Justin Welby ya fito fili ya nemi gafara a kan abin da aka yi masa.

A sauran duniya ma daga cikin gida aka yi faɗan. Wasiƙar da Martin Luther King ya rubuto daga kurkukun Birmingham a 1963, malaman addini farare 8 ya rubuta wa, waɗanda suka ce masa ya yi haƙuri lokaci bai yi ba. Kalmar da aka faɗa wa mutanen Crowther ke nan. A 1969 James Cone ya fito da abin da ya kira tauhidin baƙar fata. A 1982 taron ikilisiyoyin Reformed na duniya a Ottawa ya yanke cewa kare wariyar Afirka ta Kudu da nassi ɓata ne a addini. A nan Arewa, Byang Kato na Kwoi, wanda ya yi babban sakataren E.C.W.A. kafin rasuwarsa a 1975, ya soki tafarkin Cone, yana ganin an ɗora launin fata a inda nassi ya kamata ya zauna. Ko mutum ya bi Kato ko ya bi Cone, abin da ya fi jan hankalina shi ne baƙaƙe biyu ne ke gardamar tauhidi, kowa da littafinsa, kowa da sunansa a bango. Abin da Dorugu bai samu ba ke nan.

Mu kuma Fa?

Laifi tudu ne. Kafin mu gama nuna Schön da yatsa, mu tuna cewa ba Bature ne ya kama Dorugu ya sayar ba, kuma sai a 1936 doka ta kawar da bauta gaba ɗaya a Arewa.

Ni mutumin ƙasar Shanono ne, inda gona ke gogar gona, gamba ce kawai ke nuna iyaka. A ƙauyukan yamma da arewacin Kano akwai Maguzawa, akwai kuma 'ya'yansu da jikokinsu da suka karɓi addinin Kirista tun bayan da mishan ta S.I.M. ta sami shiga ƙasar Kano ta hanyar jinyar kutare a shekarun 1930, ta kafa tashoshi a wurare kamar Roni da Tofa. Gero ɗaya muke shukawa da su, gayya ɗaya muke fita, kasuwa ɗaya muke ci. Littafi Mai Tsarki da suke karantawa, wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa a 1932, jikan aikin Dorugu ne. Ba su da wani harshe sai Hausa, ba su da wani gari sai nan. Duk da haka in ɗayansu ya shigo birni ya faɗi sunansa, sai ka ji ana tambayarsa asalin ƙabilarsa, kamar dai Hausa riga ce da ya aro. Kalmar da ake jifansu da ita kuwa kowa ya san ta, ba sai na rubuta ba. Wannan ba wariyar launi ba ce, tunda fatarmu ɗaya, amma uwarsu ɗaya da ita: ka yarda mutum ya yi maka noma, ka hana shi suna.

Mu ɗalibai abin ya fi shafa. Kowace shekara mukan bazu ƙauyuka neman tatsuniya da waƙar daɓe da kirarin noma da bayanin bukukuwan gargajiya don rubuta kundin digiri. Na sha buɗe kundi in tarar an rubuta cewa an samo waƙa daga "wata tsohuwa" ko "wani Bamaguje", ba suna, ba gari, ba rana, alhali rabin kundin maganarsu ce. Ɗalibi ya sami digiri, ya sami aiki, tsohuwa ko goron godiya ba ta gani ba. Schön dai ya rubuta sunan Dorugu a ciki. Wanda ya kasa yin ko wannan, da wane baki zai zarge shi?

Kammalawa

Hukuncina a kan Magana Hausa shi ne, littafi ne da ya cancanci shiga manhajar adabinmu, a karanta shi gab da Shaihu Umar, a kuma koyar da labarin da ke cikinsa da sunan Dorugu, Schön kuwa a ba shi matsayinsa na marubucin shifta, mai tattarawa, mai kuma haƙurin da ba kowa ke da shi ba. Ina roƙon malamanmu su duba yiwuwar mayar da shi cikin daidaitacciyar Hausa don ɗalibai su iya karantawa ba tare da wahala ba. Ina kuma ba wannan ƙungiya tamu shawara ta kafa ƙa'ida: duk abin da za a buga a wannan mujalla wanda aka ɗauko daga bakin wani, a rubuta sunan mai shi da garinsa in ya yarda, ko Musulmi ne, ko Kirista, ko Bamaguje, a kuma kai masa kofe ɗaya har gida. Allah ya sa mu fi ƙarfin son zuciyarmu, amin.